MUN IYA ZAMAN MAKOKI, BA MU IYA ZAMAN JINYA BA

Duk wanda yake bin babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Madawa da Maraɗi da Tasawa har ta dangana da Damagaram, ya san yadda labarin haɗarin mota yake zuwa. Gidan rediyo ya ce mutum kaza sun rasu, mutum kaza sun jikkata. Waɗanda suka rasu, Allah ya jiƙansu, muna yi musu abin da ya kamata: a rufe kantuna, a cika maƙabarta, a yi zaman makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, in haɗarin ya yi muni har hukuma ta aiko da tawaga da buhunan shinkafa. Amma waɗanda aka ce sun jikkata fa? Kalma ɗaya ce ta haɗiye su gaba ɗaya, daga ranar kuma ba wanda zai sake jin ɗuriyarsu. To, su ne nake son mu yi magana a kansu yau, da kuma waɗanda suke ɗauke da su, domin a ganina babu inda ƙaryar zumuntarmu da sakacin hukumominmu suka fi fitowa fili kamar a bakin gadon wanda ya tsira daga haɗari.

Hukumar lafiya ta duniya, a rahoton da ta fitar a 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa kowace shekara a kan hanyoyin duniya, wasu tsakanin miliyan 20 zuwa 50 kuma suna samun raunuka, da yawansu su nakasa har abada. Ta ce haɗarin hanya shi ne abin da ya fi kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma nahiyar Afirka ita ce kan gaba in aka auna da yawan jama'a, alhali ita ce ta fi kowa ƙarancin motoci. Mai karatu ya yi lissafin da kansa: a bayan kowace gawa ɗaya akwai mutane masu yawa da ke kwance, a bayan kowane kwantacce kuma akwai gida guda da ya tsaya cik. Ƙididdigar matattu ake karantawa a wajen taro. Ta gidajen da jinya ta cinye, ba wanda ya taɓa karanta ta.

Bari mu faɗi abin da jinyar take nufi, don da yawa daga masu cewa «Allah ya ƙara sauƙi» ba su taɓa kwana a barandar likita ba. Ƙashin cinya in ya karye yana ɗaukar wata uku zuwa shida kafin ya haɗe ya ɗauki nauyin jiki. Wanda ya samu rauni a laka, ba ya iya motsawa, dole a riƙa juya shi kamar kowace awa biyu, dare da rana, in ba haka ba fatar ɗuwawu da ta diddige ta mutu, gyambo ya buɗe, gyambon kuma shi kaɗai yana iya kashe mutumin da haɗarin bai kashe ba. Dole a wanke shi, a kwashe bayan gidansa, a kula da robar fitsari kada ƙwayoyin cuta su hau, a riƙa lanƙwasa masa gaɓoɓi kullum kada su sandare, a ba shi abinci mai gina jiki, wake da ƙwai da madara da nama, a lokacin da mai kawo kuɗin cefane shi ne kwance. Wannan aiki ne na malamin asibiti wanda ya yi karatu. A ƙasarmu wa yake yin sa? Matar majinyaci, ko uwarsa, ko ƙanwarsa da aka cire daga lakwal. Ita ce take kwana a kan tabarma a tsakar likita, ita ce mai zuwa farmasi da takardar magani, ita ce mai neman wanda zai ba da jini, ba wanda ya koya mata komai, ba wanda zai biya ta ko dala. Gidajen likitarmu a kan bayan waɗannan mata suke tsaye, kuma duk ranar da suka tashi suka naɗe tabarmi, ba ɗakin kwanciya ɗaya da zai kai la'asar yana aiki.

Akwai kuma raunin da ba a gani a hoton ƙashi. Wanda ya bugu a kai yana iya warkewa a jiki, amma ya dawo gida da saurin fushi, da mantuwa, da ciwon kai, ya kasa riƙe lissafin da a da yake yi ido rufe. Wani kuma ya riƙa firgita cikin barci, ya ji ƙarar birki jikinsa ya ɗauki rawa, ya ƙi shiga mota. Likitoci sun san waɗannan alamu, suna da suna, ana kuma yi musu magani. Mu kuwa sai mu ce iskoki ne suka shafe shi a wurin haɗarin, ko mu ce ya zama rago, ko mu ce matarsa ce ta yi masa asiri. Ga kuma wani tarkon: zafin ciwo ya sa a saya masa taramol a hannun mai tebur, ba awo ba ƙa'ida, bayan shekara ƙashi ya warke, mutum ya zama bawan ƙwaya. Duk wannan yana faruwa ne a watannin da ƴan dubiya suka riga suka ɗauke ƙafa.

Gaskiya ce mai ɗaci, amma sai an faɗe ta: dubiyarmu ta mako guda ce. A makon farko ɗakin majinyaci ya cika maƙil, har malaman asibiti su riƙa korar mutane, kowa ya zo da lemo da ayaba da jika ɗaya a ninke. A wata na biyu sai ƴan ɗaki ɗaya. A wata na shida, lokacin da aka sayar da babur, aka sayar da awaki, aka jinginar da gona, jarin kanti ya narke, mai gida ya fara maganar kuɗin haya, sai ka iske ba kowa sai matar nan da tabarmarta. Ana cewa zumunta a ƙafa take. Haka ne, amma ƙafar tamu gajeruwa ce, iyakarta kwana bakwai. Abin da ya fi ban haushi, mutumin da ya kasa ba da jika biyar a sayi maganin gyambo, shi ne zai zo da buhun shinkafa ranar da majinyacin ya cika, don ranar akwai idon jama'a.

Na san abin da wasu za su ce: ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Ba mai musun ƙaddara. Amma ƙaddara ba ta taɓa zama hujjar barin mara lafiya cikin fitsarinsa ba, kuma addinin da muke fakewa da shi shi ne ya ɗora mana duba mara lafiya da taimakon mai rauni a matsayin hakki. Kalmar nan ta zama mafaka ga kowa. Mai mota da ya loda mutum 25 a hiyas mai kujera 19 ya ce ƙaddara. Direban da ya yi kwana biyu bai runtsa ba ya ce ƙaddara. Jami'in da ya karɓi na goro a shinge ya bar mota mai suɗaɗɗun tayoyi ta wuce, shi ma ya ce ƙaddara. Daga ƙarshe a zo wa wanda ya rasa ƙafa a ce ya yi haƙuri, kada ya nemi diyya, wai neman diyya ja da hukuncin Allah ne. Wannan fatawa ba wanda take yi wa amfani sai mai laifi da kamfanin da ya karɓi kuɗinsa.

Mu zo ga maganar asirans, inda jahilcinmu ya fi yi mana tsada. Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CIMA a birnin Yawunde a 1992, dokar kuma ta fara aiki a 1995. Ita ce ta tilasta wa kowane mai mota ya yanki asirans saboda ɓarnar da motarsa za ta yi wa wani, har da fasinjojin da ke ciki. Yawancin masu motoci a wajensu takardar nan ta nuna wa jandarma ce kawai, yawancin fasinjoji kuma ba su san tana da alaƙa da su ba. Alhali dokar ta ce jami'an da suka yi konsta su aika wa kamfanin asirans takardar binciken cikin wata uku. Ta ɗora wa kamfanin ya gabatar wa wanda ya ji rauni tayin diyya cikin ƙayyadadden wa'adi, wanda aka yanke wata goma sha biyu lokacin da aka kafa ta. Ta ba majinyaci damar neman takardar lamuni daga kamfanin domin ɗaukar kuɗin magani, ko a mayar masa da abin da ya kashe in ya kawo rasit. Ta kuma ce wanda ya bar shekara biyar ta wuce bai nemi hakkinsa ba, ya yi asara. Yanzu ina tambaya: iyali nawa aka taɓa karanta wa wannan a bakin gado? Kamfanonin da suke da wakili a kowace tasha don karɓar kuɗi, me ya hana su ajiye wakili ɗaya a ɗakin karɓar masu haɗari? Amsar a fili take. Duk rasit ɗin da ya ɓata, duk iyalin da suka gaji da «dawo gobe» suka haƙura, riba ce a littafin wani.

Dokar kanta ma tana da ramuka, kuma ƴan kasuwa su ne na farko da za su faɗa ciki. In ana lissafin abin da mutum ya rasa a lokacin kwanciya, ma'aikaci da takardar albashinsa ake aunawa, mai zaman kansa da takardun harajinsa na shekara biyu da suka wuce. Wanda ba shi da wata shaida, sai a auna shi da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya tsaya a sefa 30,047 tun daga 2012, kafin a ɗaga shi zuwa jika 42 a farkon 2024. Ke nan Alhajin da yake juya miliyoyi tsakanin Maraɗi da Kano, amma duk lissafinsa a ka yake, ran da ya kwanta doka za ta ɗauke shi daidai da mai gadi. Wannan kaɗai ya isa ya sa ɗan kasuwa ya sake tunani a kan gudun takarda. Rami na biyu: ba a biyan kuɗin mai kula da majinyaci sai in nakasar ta dindindin ta kai kashi 80 cikin ɗari. Matar da ta bar sana'arta wata takwas tana ɗaukar mijinta da ya karye cinya biyu, a idon wannan doka ba ta yi aikin komai ba. Rami na uku: asirans ɗin dole ba ya rufe direban motar kansa. Direba da yaron mota, in ma'aikatan wani ne, mafakarsu ita ce asusun CNSS, wanda yake ɗaukar haɗarin aiki har da na hanyar zuwa aiki. To, masu motocin haya nawa ne suka yi wa direbobinsu rajista? Ku shiga tasha ku tambaya. Dokar ta kuma tanadi asusu na musamman a kowace ƙasa domin wanda motar da ta buge shi ta gudu ko ba ta da asirans, Senegal ta kafa nata tun cikin shekarun 1990. A nan, a nuna mini ɗan kabu-kabu ɗaya ko mai tura baro ɗaya da ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Ita kuma gwamnati, kowace ce, amsarta ɗaya: babu kuɗi. Tsohuwar waƙa ce, mun san amshinta. Tun daga shirin Bamako na 1987 aka fara ɗora wa mara lafiya kuɗin maganinsa, karya darajar sefa a watan Janairun 1994 ta sa magungunan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabi, dokar 1995 kuma ta tabbatar da biyan kuɗi a ƙananan gidajen likita. Daga baya an yi abin a yaba. A 2005 da 2006 an yafe kuɗin fiɗar haihuwa da na maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar. A 2016 an buɗe babban asibitin ƙwararru na Yamai, daga baya na Maraɗi ya biyo. A 2024 an rage kuɗin ganin likita da na ayyuka a asibitocin gwamnati da rabi. Ba mai raina wannan. Amma rabin abin da ba ka da shi, har yanzu ba ka da shi. Wanda aka kwaso daga bakin hanya cikin jini, ba waya ba ɗan uwa ba ko tamma a aljihu, ragi bai amfane shi da komai ba in sai an sayo safar hannu da zare da ruwan ƙari kafin a taɓa shi. Karaya mai buɗaɗɗen rauni tana bukatar wanki da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin ƴan awoyi. Awoyin nan da ake ɓatawa ana jiran dangi su zo daga ƙauye da kuɗi, su ne suke mayar da jinyar wata uku ta zama ta shekara biyu, ko ta ƙare da yanke ƙafa. Wane tattali ne wannan, a ƙi kashe jika ashirin yau, a yi asarar magidanci har ƙarshen ransa? Hukumar lafiya ta duniya ta ce haɗarin hanya yana cinye kusan kashi 3 cikin ɗari na arzikin da yawancin ƙasashe suke samarwa a shekara. Kuɗin ana biyansa ko an so ko an ƙi, sai dai daga aljihun talaka yake fita.

Daga nan ne mai ɗori yake samun kasuwa. Ba na cikin masu zagin masu ɗori a dunƙule, domin akwai ƙaramar karaya da targaɗe da suka daɗe suna gyarawa, kuma suna kusa, suna da araha, suna magana da mutum da harshen da yake ji. Amma karayar haɗarin mota ba irin ta faɗowa daga jaki ba ce. In aka ɗaure gaɓar da ke kumbura da karare aka tamke, jini ya daina gudana, cikin kwanaki nama ya mutu, sai a dawo likita a makare, abin da ya rage kawai yankewa. Duk likitan fiɗa a Yamai ko Damagaram ko Galmi ya ga irin wannan. Laifin dangin da suka sace majinyaci daga gado cikin dare a fili yake. Amma a tambaya me ya kore su: an rubuta musu kuɗin ƙarfen da za a sa a ƙashi wanda ya fi abin da suke samu a shekara, ba wanda ya zauna ya yi musu bayani da Hausa ko Zabarmanci. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Bayan an sallami mutum kuma, sai a ɗauka an gama, alhali a nan rabin aikin yake farawa. Gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi a hannun gwani shi ne bambanci tsakanin wanda zai koma kantinsa da wanda zai koma bakin masallaci da ƙoƙo. Masu wannan aiki kaɗan ne, yawancinsu a manyan birane suke, mutumin Dakoro ko Tanut ba zai iya zuwa sau uku a mako ba. Ma'aikacin gwamnati yana ganin ya tsira saboda baitulmali tana ɗauke masa kashi 80 cikin ɗari na kuɗin kwanciya, amma takardar ba ta biyan mota zuwa wajen gashi, ba ta biyan wadda ta bar aikinta don ta kula da shi, ba ta kuma rage matakalar ofishinsa ko ɗaya. Muna da dokar kare nakasassu tun 1993, mun amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan hakkinsu a 2008, mun yi sabuwar doka a 2019, mun kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER a 2014. Takardu dai ba mu rasa su ba. Ku ɗauki keken guragu ku gwada shiga ofisoshin jaharku ɗaya bayan ɗaya, ku ga nawa za ku iya.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka ga abin da nake ganin ya wajaba. Hukuma ta yanke cewa duk wanda aka kawo daga haɗarin hanya a fara yi masa aiki, maganar kuɗi ta biyo baya, a kuma ciro kuɗin daga wani kaso na abin da ake biya na asirans da tarar da ake ci a kan hanya, tunda hanya ce ta jawo ɓarnar. A tilasta wa kamfanonin asirans su riƙa buga yawan tayin diyyar da suka yi da yawan da suka biya kowace shekara, a manna hakkin fasinja da harsunan ƙasa a kowace tasha da kowane ɗakin likita. Kada a sallami majinyaci sai an zauna da mai kula da shi an koya masa juyi da wankin ciwo da alamun da ke cewa a dawo da gaggawa. Wannan bai fi aikin awa guda ba, kuma ba ya bukatar tallafin wata ƙasa. Ƴan sandika, waɗanda suke karɓar kuɗin lodi a kan kowace mota da ta tashi, su daina ba da layi ga motar da direbanta ba shi da rajista.

Mu kuma ƴan kasuwa da ma'aikata, namu ya fi sauƙi, shi ya sa rashin yin sa ya fi zama abin kunya. Mun iya adashe don biki da suna da kujerar Makka. Me zai hana kowane layi a kasuwa da kowane ofis su ware asusun jinya, wanda ba a taɓawa sai an kai wata na biyu, lokacin da kowa ya watse? A raba kwanaki tsakanin dangi, maza ma su karɓi nasu, domin ɗaga magidanci daga gado ba aikin yarinya ƴar shekara goma sha uku ba ne. A samu mutum ɗaya mai karatu ya riƙe takardar konsta da ta likita da kowane rasit a jaka guda tun daga ranar farko. A riƙe wa majinyaci kantinsa da amana, a ɗaga masa bashi, a riƙa kai masa labarin kasuwa ana neman shawararsa, don mutumin da aka daina tambaya komai ya fara mutuwa tun yana numfashi. In an je dubiya kuma, a dubi wadda ke zaune a kan tabarma, a ce mata ta je ta yi barci, yau mu za mu kwana.

Ba wanda ya yi alkawari da hanya. Alhajin da zai tashi Kwatano gobe da asuba, da malamin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Tawa, da ɗalibin da zai koma jami'a, duk kwalta ɗaya za su hau, ramukan kuma ba su san muƙami ba. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kowa ya tuna sunan wanda ya yi haɗari bara a unguwarsu, ya tambayi kansa yaushe rabonsa da shi, sannan ya sa takalmi tun kafin a aiko masa da sanarwar jana'iza. Allah ya tsare mu, ya ba marasa lafiya lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri.